Da ƙafa ake zana taswirar dutse

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin haƙa rijiyar burtsatse a Gusau ko Funtuwa ko Zariya ya san aikin na a-dace ne. Maƙwabcinka ya haƙa mita 40 ya sami ruwan da ke shayar da layi guda, kai kuma ka haƙa mita 80 a bayan katangarsa, inji ya yi ta aman farar ƙura har kuɗinka ya ƙare. A Birnin Kebbi ko Argungu ba a cika jin irin wannan kukan ba. Can abin tambaya shi ne zurfin da za a kai kafin a tarar da ruwan. A wasu sassan Barno ma abin ya wuce haka, domin rijiyoyin da aka haƙa a shekarun 1950 da 1960 da kansu suka riƙa feso ruwa, ba famfo ba inji. Ba damina ce ta raba su ba, don Zariya ta fi Birnin Kebbi ruwan sama, ta kuma fi arewacin Barno nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su shi ne irin dutsen da kowane gari yake zaune a kai.

Tsakiyar Arewa, daga Zamfara da kudancin Katsina da na Kano zuwa Kaduna da yammacin Bauchi, tana kan tsohon dutsen gindi, wanda ya sha matsi da zafi kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo suka haɗe. Dutse ne curarre, babu gurbin da ruwa zai zauna a jikinsa sai inda ya ruɓe daga sama ko inda ya tsage. Wanda bakin injinsa ya faɗa tsaga ya sha ruwa, wanda ya kauce mata da 'yan mitoci ya sha ƙura. Ta yamma kuwa akwai kwarin Sakkwato, reshen wani makeken kwari da ya mamaye yammacin Nijar har cikin Mali. Ta gabas akwai kwarin Chadi, ta kudu maso gabas na Binuwai. Waɗannan cike suke da yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa, shi kuwa yashi ko ya daskare ya zama dutse yana riƙe ruwa tsakanin ƙwayoyinsa. Inda laka ta rufe shi ta danne, ruwan na cikin matsi, da an huda sai ya taso. Sirrin rijiyoyin Barno ke nan.

Duk wannan yana nan a taswirar duwatsun Najeriya, an shafa wa kowane iri launinsa, sai ka ɗauka wani ne ya yaye ƙasar ya leƙa. Babu wanda ya yaye ta. Abin da ke kan takardar hukunci ne da aka yanke bisa shaidu warwatse, kuma akasarinsu mutum ne ya taka da ƙafarsa ya tattaro, dutse bayan dutse. Wanda bai san yadda ake tattara su ba, ba zai san inda zai gaskata taswirar da inda zai yi kaffa-kaffa da ita ba.

Kayan aikin masanin duwatsu ba su da yawa, kuma shekara ɗari ba ta canja su sosai ba. Guduma mai baki biyu, ɗaya na fasawa ɗaya na ɓanɓara. Kamfas na musamman da ke nuna alƙibla ya kuma auna karkata. Ɗan madubi mai ƙara girman abu sau goma da ake ratayawa a wuya. 'Yar kwalbar asid da aka surka da ruwa. Wuƙar aljihu da mayen ƙarfe. Sai littafi da fensir, don tawadar biro ba ta jure gumi da yayyafi. Sai taswirar tuddai da ƙoramu da hanyoyi wadda a kanta za a ɗora komai, kuma an fi son mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita biyu a takarda ke nufin kilomita ɗaya a ƙasa.

Da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ƙoramu sun ƙafe. Cikin ƙoramar ake bi, domin nan ne ruwa ya kwashe ƙasa ya bar dutse tsirara. Idan an iske falalen dutse, abu na farko shi ne a tabbatar da inda ake tsaye a sa lamba a taswira. A nan ma akwai tarkon da ke kama sababbin hannu. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne bisa ma'aunin da tushensa yake Minna, ita kuwa na'urar GPS da ma'aunin duniya take aiki, kuma idan ba a daidaita su ba wuri ɗaya kan goce da gomman mitoci. Ga mai neman gari wannan ba komai ba ne. Ga mai bin jijiyar dutse da faɗinta bai wuce taku biyu ba, ɓata ne.

Sannan a sa guduma. Ba a yarda da fuskar dutse, don rana da ruwa sun riga sun mayar da kusan kowane dutse a ƙasar nan baƙi-baƙi ko ja-ja. Sai an fasa an ga ciki. A kai ɓallin kusa da ido, a ɗora madubi, a juya shi ya fuskanci rana. A giranit, wato narkakken dutsen da ya daskare can cikin ƙasa, za a ga abu uku a cakuɗe: ƙwayoyi farare ko masu ruwan hoda da ke walƙawa idan an juya su, wasu garai-garai waɗanda wuƙa ba ta iya karta, da baƙin ɓawo mai sheƙi da farce ke ɓarewa. Girman ƙwayoyin shi ke ba da labari. Narkakken dutse idan ya huce a hankali can cikin ƙasa, ƙwayoyinsa na samun lokacin girma. Idan ya malalo sama ya huce da sauri, sai su fito mitsi-mitsi har ido ba ya raba su. Wanda ya hau Kufena a Zariya zai ga ƙwayoyi manya-manya, wasu sun kai gaɓar yatsa. Ashe dutsen da yau ake hangowa daga nesa a binne yake a da, ƙarƙashin kilomitoci na wani dutsen da zaizaya ta cinye. Baƙin dutsen Biu ko na Panyam kuwa sumul yake, wani lokaci da ƙofofin kumfa, don aman wuta ne da ya malala a fili, kuma ɗan jiya ne idan aka gwada shi da Kufena.

Awon da ya fi komai muhimmanci, ya kuma fi ba ɗalibai wahala, shi ne na kwanciyar dutse. Duwatsu da yawa shafi-shafi suke, ko don a haka suka kwanta tun asali, ko don matsi ya jera ƙwayoyinsu. Sai a nemi shafi ɗaya mai kyau a zuba masa ɗan ruwa daga gora. Inda ruwan ya gangara, nan dutsen ya karkata. Layin da ya gitta wannan gangaren a kwance, ba hawa ba sauka, shi ne miƙewar dutsen. A jingina gefen kamfas a kan layin, a jira allura ta natsu, a karanta. A juya shi a kan gefensa a karanta digiri nawa shafin ya sunkuya. A rubuta, misali, miƙewa digiri 10 daga arewa zuwa gabas, karkata digiri 65 zuwa yamma. Kafin nan a ajiye guduma nesa, a matsa daga jikin mota, domin ƙarfe na jan allura. A wurare irin su Maru, inda dutsen kansa ke ɗauke da tama, allurar kan yi ƙarya ko babu guduma a kusa.

Awo ɗaya ba ya cewa komai. Sai an tara ɗaruruwa an zuba a taswira tsari ke bayyana. A dutsen gindin Arewa akasarin shafukan kudu da arewa suka miƙe, a tsaye ko kusa da tsaye, alamar cewa daga gabas da yamma matsin ya zo. A kan wannan layin ne dogayen zirin duwatsu masu ɓawo na Zuru da Anka da Maru da Birnin Gwari suka kwanta. Asalinsu laka ce da yashi da aman wuta da aka matse aka gasa, kuma ta tsagoginsu ne ruwan zafi ya bi ya ajiye farin dutsen ƙanƙara mai ɗauke da zinare. Shi ya sa ramukan masu haƙar zinare sukan jeru a layi idan aka dube su a hoton tauraron ɗan'adam. Shi ya sa kuma masanin ba ya bin miƙewar dutse, sai dai ya gitta ta. Wanda ya bi ta zai wuni yana ganin abu ɗaya.

Inda wani dutse ya ƙare wani ya fara, nan ake jan layi, kuma nan ne gaskiyar mai taswira ke bayyana. Idan ya ga mahaɗar da idonsa, ya ɗora hannu ɗaya a kan wannan ɗaya a kan wancan, cikakken layi yake ja. Idan giranit ya gani a wannan ƙorama, ya ga wani abu dabam a ta gaba, tsakaninsu gonakin dawa ne kilomita guda, tilas layin ya zama tsinke-tsinke, wato mahaɗar na nan a tsakani amma ba a ga daidai wurin ba. Matsalar ita ce idan aka haɗa ƙananan taswirori aka yi babba ta bango, wannan taka-tsantsan kan ɓace, duk layukan su koma cikakku.

Bayan iri da kwanciya sai tambayar wa ya girmi wa. A duwatsun da suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama muddin ba a kifar da su ba. Dutsen da ya ratsa wani ya yanke shi, ƙane ne. Gutsuren da aka samu a cikin wani dutse ya girmi wanda ya haɗiye shi. Da waɗannan ƙa'idojin, ba da wata na'ura ba, wani Baturen Birtaniya mai suna J. D. Falconer, wanda ya yi aiki a binciken ma'adinan Arewa da aka fara a 1904, ya raba giranit ɗin ƙasar nan gida biyu a 1911. Akwai tsofaffi, waɗanda suka sha matsi tare da dutsen gindi har suke bin miƙewarsa. Akwai kuma matasa, da suka huda komai suka fito ba ruwansu da wannan layin, gefensu a yanke tsaf, babu alamar matsi a jikinsu, kuma su ne masu kuza. Shi ne ya zama shugaban farko na hukumar binciken duwatsu ta Najeriya da aka kafa a 1919. Ba son ilimi ne kaɗai ya kawo su ba, kuza ake nema, amma rabon da ya yi har yau ba a rushe shi ba.

Sai da waɗanda suka biyo baya suka bi matasan nan ɗaya-ɗaya, musamman a shekarun 1950, siffarsu ta fito sosai. Ana bin mahaɗarsu da dutsen gindi ana ɗorawa a takarda, sai a ga layin yana lanƙwasa, yana lanƙwasa, har ya dawo inda ya faro. Zobba ne, wasu zobe cikin zobe, wasu sun hau kan juna, fiye da 50 a Najeriya kaɗai. Bayanin da aka tsaya a kai shi ne kowane zobe gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya taru a ƙarƙashi, ya yi aman da ya rage abin da ke ciki, sai rufin ya tsage a kewaye ya rufta, kamar faifai ya nutse a tukunyar kunu, kunun ya tsattsafo ta gefe-gefe. Abin da ya tsattsafo ya daskare shi ne zoben. Saman dutsen ya daɗe da zaizayewa. Saiwar muke gani a Jos da Bukuru, da Riruwai a kudancin Kano, da Ningi, da Dutse ta Jigawa.

Da aka sami hanyar auna shekarun dutse a ɗakin gwaji, ta lissafin yadda sinadarai irin su yuraniyom ke rikiɗa a hankali cikin ƙwayoyinsa, sai wani abin mamaki ya fito. Zobban ba sa'o'in juna ba ne, kuma ba a iyakar Najeriya suka tsaya ba. Layi ne da ya taso daga duwatsun Azbin a arewacin Agadas, ya bi ta Damagaram da Muniyo, ya shigo har Afu a jihar Nasarawa. Na Azbin sun kai shekaru miliyan 400 zuwa sama, a cikinsu har da wani zobe mai faɗin kilomita 65. Na Damagaram wajen miliyan 300. Na Dutse sun ɗan haura miliyan 200, na Jos wajen 165, na Afu wajen 140. Wato wutar ta riƙa matsawa kudu sannu a hankali. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan dalili. Wasu sun ce nahiyar ce ta riƙa wucewa ta kan wani wuri mai zafi da ke can ƙasa. Wasu sun ce a'a, tsofaffin tsagogin dutsen gindi ne ke buɗewa bi da bi. A nawa ganin hujjar na biyun ta fi nauyi, don a cikin Najeriya zobban sun jeru ne rukuni-rukuni a kan layukan da suka gitta babban layin.

Amfanin wannan a aikace shi ne kuza. Ruwan ƙarshe da ya rage bayan giranit ya daskare shi ya tara kuza da kwalambait, wani baƙin ma'adini mai nauyi da ke tafiya tare da kuzar, zaizaya ta wanko su ta zuba a ƙoramu. Mutanen Riruwai sun daɗe suna wankewa suna narkarwa suna sayarwa kafin wani Bature ya iso. Nauyin kuza ya ninka na yashi fiye da sau biyu, shi ya sa ƙwarya da ruwa sun isa su raba su, kuma har yau kaskon wanki na cikin kayan masanin duwatsu: ya ɗebi yashin ƙorama ya wanke, in ya ga baƙin saura ya bi ƙoramar sama, reshe bayan reshe, har inda ya daina gani. A nan kusa tushen yake. Da taswira ta nuna cewa da matasan giranit kuza ke tafiya, sai aka daina lalube. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Kududdufan da aka bari a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi, su ma daga wannan harkar suka fito.

A kwarin Sakkwato aikin ya sha bamban. Can shafukan kusan a kwance suke, don haka tef ɗin awo ya fi kamfas aiki. A sami gefen tudu ko kwazazzabo a faro daga ƙasa, a auna kaurin kowane hawa, a rubuta launinsa da abin da ke cikinsa, a je wani tudun a nemi takwaransa. Garuruwan da aka fara siffanta hawan a cikinsu su suka ba su suna: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A na Dukamaje an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka raɗa wa suna daga Goronyo. Ɗigon asid ɗaya a kan na Kalambaina, sai ka ga ya tafarfasa yana kumfa, don bawon halittun teku ne suka taru. Teku ne ya ratsa Sahara ya kwanta a nan wajen shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, kuma abin da ya bari ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina da Malbaza ta Nijar.

Duk wannan ya dogara ne da a ga dutsen, kuma a nan babbar wahalar ƙasarmu take. Zafi da damina na miliyoyin shekaru sun ruɓar da saman dutsen gindi, a wurare da yawa mita 10 zuwa 30, sannan marmara ta rufe shi da ɓawo mai tauri. Dala da Goron Dutse a Kano ragowar irin wannan ɓawon ne, kuma tamar da ke ciki ce ta zaunar da maƙeran farko a gindin Dala. Arewa da nan kuma yashi ne. Mutum zai yi tafiyar wuni bai ga fa, wato falalen dutse, ko ɗaya ba. Sai dabara: launin ƙasar gona, tsakuwar da garma ta tono, tarin ƙasar bakin sabuwar rijiya, ramin da 'yan kwangilar hanya suka ɗebi burji. Har suri ana ɗiba a kai gwaji, domin gara na nitsawa ƙasa neman danshi tana fito da abin da ke can, kuma a Afirka ta Yamma an yi amfani da haka wajen neman zinare. Masanin da ya san abin da yake yi, idan ya gama gaisuwa a ƙofar mai gari ya nuna takardarsa, mutumin da zai fara nema shi ne mai haƙar rijiyar garin. Shi zai gaya masa a gaba nawa ake wuce jar ƙasa, a gaba nawa ake shiga ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli, a wace unguwa ake cin karo da fa.

Wannan rufin ne ya sa aka koma sama. Tsakanin 2003 da 2010 jirage ɗauke da na'urori sun yi ta kai da kawowa a kan kusan duk faɗin Najeriya, a layuka masu tazarar mita 500, suna tashi ƙasa-ƙasa wajen mita 80, suna auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu da ɗan tururin da yuraniyom da ire-irensa ke fitarwa. Aiki ne babba, ya kuma nuna tsagogi da duwatsun da ke binne waɗanda ba mai ganinsu daga ƙasa. Masu neman ruwa ma suna da tasu na'urar: a kafa ƙarafa huɗu a layi, a tura lantarki ta biyun waje, a auna ta biyun ciki, a riƙa buɗa tazara don wutar ta ƙara nitsa. Busasshen fa na tare lantarki, ruɓaɓɓen dutse mai danshi na barin sa ya wuce.

Sai dai a nan mutane ke ruɗuwa, har da masu mulki. Babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke ganin zinare ko ruwa. Jirgi ya ce nan akwai abin da ke jan allura. Ko tama ce ko baƙin dutsen banza, bai sani ba. Na'urar lantarki ta ce nan wuta na wucewa da sauƙi. Laka ma haka take yi, ita kuwa laka ba ta ba da ruwa. Shi ya sa za a yi maka safiyo ka biya, a ba ka takarda mai zane, a haƙa a tarar da yumɓu. Ba lallai ne an cuce ka ba. Sau da yawa mai riƙe da na'urar ne bai zagaya unguwar ya ga inda fa ya leƙo da inda tsagoginsa suka dosa ba, bai kuma tambayi zurfin rijiyoyin maƙwabta ba. Kowace alama da aka gani daga sama sai an je an tsaya a kanta, an fasa, an ɗebo, an kai ɗakin gwaji an goge ɓallin har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, haske na ratsa shi. Bayan nan a huda ƙasa a zaro sandar dutse a gani. Kafin wannan matakin, duk wanda ya ce maka wuri kaza na da tan kaza na ma'adini, fata yake gaya maka.

Akwai kuma abin da sanin dutse ke karewa wanda ba a lissafa shi da kuɗi. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, har aka rasa wajen 400. Dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida ana daka, ana niƙa a injin hatsi, cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci. A 2015 abin ya maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dutsen dalma ba ɓoyayye ba ne: nauyi gare shi da sheƙin toka-toka, irin dai wanda ake niƙawa a yi kwalli. Wanda ya ruɓe ya canja kama kuwa, gwaji mai sauƙi na nuna shi. Da jijiyoyin nan na kan taswira dalla-dalla, an san mai dalma da marar dalma, da aƙalla an san ƙauyen da za a fara yi wa gargaɗi.

A nan maganar ma'auni ta shigo. Taswirar bango ta ƙasa baki ɗaya, mai ma'aunin 1:2,000,000, milimita ɗaya a kanta kilomita biyu ne. Jijiya mai faɗin mita biyu ba ta da wurin zama a kai. Wadda ke amfanar mai haƙa ita ce ta 1:50,000 ko mafi kusa, kuma ba a kammala irinta ga mafi yawan ƙasar ba. Yawancin abin da aka sani dalla-dalla kan zobban Jos da zirin Anka da Maru aikin mutanen da suka taka su ne tsakanin shekarun 1950 da 1980. Yau wuraren da suka fi buƙatar a sake takawa su ne ba sa takuwa. Dazuzzukan Anka da Maru da Birnin Gwari, inda zinaren yake, su ne mafakar 'yan bindiga, kuma babu malamin da zai kwashi ɗalibai a bas ya sauke su a can da guduma da kamfas. Da gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, haƙar ba ta tsaya ba; zuwan mai littafi da fensir ne ya tsaya. Waɗanda suka fi kowa sanin ƙarƙashin ƙasar yankin yanzu su ne yaran da ke shiga ramuka da tocila a goshi. Sun san inda farin dutse ya sirance da inda ya yi ciki, inda ya nutse da inda ya ɓace, amma da ramin ya rufta an koma wani, sanin ya bi shi.

Rububin da ake yi yanzu na litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a kan wannan giɓin ya sauka. Ana samun sa ne a jijiyoyi masu manyan ƙwayoyi da suka fito daga ragowar tsofaffin giranit, a wani ziri da ya taso daga Oyo da Kwara ya ratsa Nasarawa zuwa kudancin Kaduna. A da tantalait, ɗan'uwan kwalambait, da duwatsun ado ake nema a cikinsu, mai litiyam ɗin a zubar a bakin rami. Akasarin jijiyoyin ba komai a cikinsu, masu ɗaukar kayan ma ba ko'ina a jikinsu yake ba, sai an bi kowace an auna faɗinta da karkatarta an ɗebi samfur gefe zuwa gefe. Wani nau'in mai ruwan shunayya ne, yaro ma zai gane shi. Amma wanda masana'antu suka fi nema fari-fari ne, yana kama da dutsen banzan da ke kewaye da shi, kuma na'urar hannu da dillalai suka saba haska kuza da tantalait da ita ba ta ganin litiyam, don ya yi mata rashin nauyi da yawa. Sai ɗakin gwaji. Mai haƙa a ƙauyen Nasarawa ba shi da ɗakin gwaji, mai saye ne yake da shi, don haka shi ke faɗin kashi nawa ne a cikin buhun, shi kuma ke yanka farashi.